BABI NA BIYU: TARIHIN ABINCI DA ADO DA KIWON LAFIYAR MATA A ƘASAR HAUSA

2.0 Gabatarwa

A al'adar Bahaushe ba a raba maganar kyawun mace da maganar cinta da lafiyarta. Idan aka ce wance ta yi kyau, sau da yawa abin nufi shi ne ta murmure, fatarta ta yi sheƙi, jikinta ya nuna tana samun kulawa. Wannan ne ya sa tukunyar tuwo da ƙwaryar lalle da ruwan wankan jego duk suka kasance a hannun mutane ɗaya, wato tsofaffin mata na cikin gida, kamar kaka da goggo da ungozoma.

Akwai ra'ayoyi biyu da suka yi fice dangane da wannan gado. Na farko shi ne na masu ganin duk abin da aka gada kaka da kakanni lafiya ne tsantsa, cuta kuwa kayan zamani ne suka kawo ta. Na biyu shi ne na masu ganin tsofaffin hanyoyin duk camfi ne da jahilci. Wannan babi zai bi diddigin al'amarin tun daga ƙarni na 15 zuwa wannan zamani, domin a nuna cewa kowane ɗaya daga cikin ra'ayoyin nan biyu bai yi wa tarihi adalci ba. Maganar ba ta ado ba ce kurum, domin kuwa ta shafi rayukan masu jego da na jariransu.

2.1 Fatauci da Shigowar Kayan Ado da na Abinci

Abu na farko da tarihi ya nuna shi ne, da yawa daga cikin kayan da ake kira na gargajiya baƙi ne, fatake ne suka kawo su. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya danganta shigowar goro ƙasar Hausa da zamanin Sarauniya Amina ta Zazzau. Ya kuma ambaci buɗe hanyar fatauci daga Borno zuwa Gwanja a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja (1438–1452), da yawaitar gishiri a zamanin Sarki Yakubu (1452–1463). Haka nan ya ce Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) shi ne ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma shi ya fara kulle. Waɗannan abubuwa biyu, wato kasuwa da kulle, su ne suka tsara yadda kayan ado da na miya suka riƙa isa ga mace har cikin ɗakinta, ta hannun dillalai mata da 'yan talla.

Kanwa, wadda ita ce ginshiƙin kunun mai jego, daga ƙasar Borno da ƙasar Manga da bakin Tafkin Cadi ake ɗauko ta, kuma iri-iri ce, akwai jar kanwa da farar kanwa da ungurnu. Gishirin Bilma kuwa ayarin Buzaye ne ke sauko da shi a kan raƙuma. Kwalli ko tozali dutse ne mai ƙyalli da ake haƙowa, kuma akwai ma'adininsa a kwarin Binuwai, kamar wajen Zurak da Arufu da Abakaliki. Kanumfari asalinsa daga tsibiran kudu maso gabashin Asiya yake. Barkono da gyaɗa da masara da rogo da tumatir da taba kuwa duk tsirran nahiyar Amurka ne, ba su iso Afirka ba sai bayan 1492. Ko lalle ma, wasu masana harshe suna ganin sunansa ya samo asali daga harshen Buzaye, ga shi kuma Barebari da Fulani da Yarbawa duk suna kiransa da sunaye masu kama da na Hausa. Wannan ya nuna cewa tun asali Bahaushiya mai karɓar baƙon abu ce, ta gwada shi, idan ya yi mata ta mayar da shi nata.

2.2 Ƙarni na 19: Jihadi da Shaidar Matafiya

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804 ya taɓa rayuwar mata ta fuskoki da dama. A cikin Nurul Albabi, Shehu ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u (1793–1864) ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji suke kai ilimi ga matan ƙauyuka, ciki har da hukunce-hukuncen tsarki da wanka da alwala. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna, har da na ciwon ido da na basir. Ta haka tsabtar jiki ta sami gindin zama a matsayin ibada. Lalle da kwalli da asuwaki da turare suka ƙara daraja saboda nassoshin da suka zo a kansu, yayin da malamai suka yi ta hani ga tsaga da zanen jiki na wanzamai, ko da yake al'adar ba ta mutu ba sai sannu a hankali.

Matafiyan Turai sun bar bayanin abin da idonsu ya gani. Clapperton, wanda ya shiga Kano cikin Janairu 1824, ya bayyana cewa matan garin suna rina gashinsu da girarsu da hannuwa da ƙafafu da shuni, kuma maza da mata suna rina haƙora da leɓɓa da furen taba. Barth, wanda ya iso Kano cikin Fabrairu 1851, ya lissafa goro da kanwa da gishiri cikin manyan hajojin kasuwar, ya kuma nuna cewa dubban kayan kanwa ne ke ratsa Kano kowace shekara zuwa ƙasar Nufe.

Bayanin Clapperton yana da muhimmanci, domin ya nuna cewa ma'aunin kyau ba a tsaye yake ba. Jan haƙori da shuɗin gashi, waɗanda suka zama ƙawa a 1824, ba budurwar da za ta fita da su a birnin Kano na yanzu. Sauran kayan adon wancan lokaci sun haɗa da katambiri na ɗige-ɗigen fuska, da man shanu na kitso, da man kaɗanya na shafawa, da sabulun salo, da jigida da murjani da mundaye. Kwalli a tandu ake ajiye shi, lalle kuwa a kwaɓa shi a ƙunsa a ƙafa da ganye da tsumma, hannu kuma a zura shi a zunguru.

2.3 Abincin Yau da Kullum da Al'adar Jego

Abincin Bahaushiya a wancan zamani ya dogara ne kan gero da dawa da wake, sai ganyaye da 'ya'yan itatuwan da take samu a bayan gari. Da safe koko ko ɗumame, da rana fura da nono, da dare tuwo da miyar kuka ko kuɓewa ko karkashi. Akwai kuma kwaɗon zogale da na rama da tafasa, da ɗanwake da dambu da fate. Ilimin abinci na zamani ya tabbatar da amfanin da yawa daga cikin waɗannan. Gero yana ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Daddawar kalwa da wake da nono suna ba da sinadarin gina jiki. Ganyen kuka yana da sinadarin ƙarfafa ƙashi, garin 'ya'yanta kuma yana da bitamin C mai yawa. Jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa gasara, yana sauƙaƙa wa jiki tsotse sinadarin ƙarfen da ke cikinsa. Matan da ba su san sunayen sinadaran ba, amma sun san abin da ke riƙe ciki ya kuma kawo ruwan nono.

Sai dai ba a ko'ina aka dace ba. Nama da ƙwai ba abincin kullum ba ne ga matan talakawa, kuma tsarin rabon tuwo yakan fifita maigida. An kuma yi camfe-camfen da ke hana mai ciki da ƙananan yara cin ƙwai, da al'adar matse ɗakashi a zubar, alhali shi ne kariyar farko ta jariri daga cututtuka. Kunyar cikin fari kuma takan hana yarinya faɗin abin da ke damunta har sai abu ya yi nisa.

A wajen jego ne abinci da ado da magani suka haɗu wuri guda. Tushen al'adar shi ne imanin cewa mai haihuwa ɗanyen jiki gare ta, kuma babban abokin gabarta shi ne sanyi. Saboda haka sai a tafasa ruwa safe da yamma, a tsoma ganyen runhu a riƙa fyaɗa mata a jiki har kwana arba'in ko fiye, musamman a haihuwar fari. A wasu wurare, kamar ƙasar Zazzau, takan kwanta a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Ana ba ta kunun kanwa da gasasshen nama da ƙauri, da yajin jego mai citta da kanumfari da masoro da kimba. Idan ta yi arba'in sai a yi mata kitso da ƙunshi, ta ci ado ta fita gaishe da dangi. Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, kuma a ciki ta yi bayanin wankan jego da kunun kanwa da sa amarya a lalle kamar yadda ta tashi ta tarar.

Alherin da ke cikin wannan tsari a fili yake. Mai jego tana samun hutun kwana arba'in daga daka da niƙa da ɗiban ruwa, tana samun nama fiye da kowane lokaci a rayuwarta, ga kuma mata 'yan'uwanta kewaye da ita. Goyon ciki da shayarwa ta kusan shekara biyu sun taimaka wajen sa tazara tsakanin haihuwa.

2.4 Zamanin Mulkin Mallaka (1903–1960)

Turawan Ingila sun ci Kano cikin Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato cikin Maris na wannan shekara. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa daga 1912. Haraji na kuɗi ya tilasta wa manomi ware wani ɓangare na gonarsa ga gyaɗa da auduga. Watts (1983) ya nuna yadda wannan sauyi ya raunana rumbun talaka, har fari ya riƙa zama yunwa, kamar Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914 da 'Yar Buhu ta 1927. A irin wannan hali mai ciki da mai shayarwa su ne kan gaba wajen jigata.

Mutuwar bauta, wadda aka fara da dokar 1901 aka kammala a 1936, ta kawo wani sauyin. M. G. Smith ya lura cewa matan da suka sami 'yanci sun janye daga aikin gona da itace, domin a ganinsu wannan aikin bayi ne, sai kulle ya yaɗu har ƙauyuka. Amma kulle bai hana mata neman na kansu ba. Polly Hill, a binciken da ta yi a Batagarawa ta ƙasar Katsina wanda aka buga a 1972, ta nuna irin cinikin da mata ke yi daga cikin gidajensu. Man gyaɗa da ƙuliƙuli da fura da ƙosai su ne jarin da mace ke sayen kayan adonta da kayan ɗakin 'yarta.

A wannan zamani ne kantunan kamfanoni irin su John Holt da UAC da Paterson Zochonis suka cika kasuwa da sabulun kanti da basilin da hoda da madubi da atamfa. Turaren Bint el Sudan, wanda kamfanin W. J. Bush na Landan ya fara haɗawa a 1920, ya shiga lefe da gara har aka mayar da sunansa Bintu Sudan, daga baya ma aka riƙa yin sa a Kano. Wani abin lura kuma shi ne itacen darbejiya ko dogon yaro. Asalinsa daga ƙasar Indiya yake, kuma sai wajen ƙarshen shekarun 1920 aka fara dasa shi a Borno. Duk da haka ganyensa ya shiga tukunyar wankan jego har ya zama kamar da shi aka fara al'adar.

2.5 Jego a Idon Likitoci

Bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, likitocin asibitinta na Zariya sun lura da yawan matan da ke zuwa da kumburi da haki bayan haihuwa, wato alamun gazawar zuciya. Davidson da Parry sun bi mata 224 masu wannan ciwo, suka buga sakamakon a 1978. Sun ƙiyasta cewa ciwon yana kama kimanin mace 1 cikin kowace haihuwa 100 a tsakanin Hausawan birnin Zariya, adadin da ke cikin mafiya yawa a duniya. Bayanin da suka bayar shi ne, kanwa tana da sinadarin sodiyam mai sa jiki ya tara ruwa, zafin wanka da na gado kuma yana ƙara wa zuciya aiki, sai nauyin ya fi ƙarfinta. Wannan bayani ya shiga littattafan likitanci, ya zama hujjar masu kira a bar al'adar baki ɗaya.

Sai dai bincike bai tsaya nan ba. A Yamai, Cénac da abokan aikinsa sun ba da rahoto a 1992 cewa masu wannan ciwo suna da ƙarancin sinadarin seleniyam a jininsu. Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya sami irin wannan sakamako a Kano a 2015. Daga nan wani babban bincike da ya jagoranta a asibitoci 22 na Nijeriya, wanda aka buga a 2020, ya sake tabbatar da cewa ciwon ya fi yawa a arewa maso yamma. Amma abubuwan da aka samu suna tafiya da shi su ne rama da rashin ilimin boko da rashin sana'a da hawan jinin masu ciki. Wankan jego da kunun kanwa ba su fito a matsayin sanadi ba.

Wannan ba ya nufin an wanke al'adar daga kowane laifi. Tafasasshen ruwa yana ƙona fata, yawan kanwa kuma haɗari ne ga mai hawan jini ko mai raunin zuciya. Abin da sabon binciken ya ƙara shi ne, an daɗe ana tuhumar tukunyar wanka, alhali talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki suna laɓe a bayanta. Alƙaluman ƙasa ma sun goyi bayan haka, domin binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini.

2.6 Sauye-sauye Daga Shekarun 1970

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya sauya tukunyar birni. Shinkafa 'yar waje da burodi da taliya da lemon kwalba suka zama abincin 'yan gayu, ɗanɗanon Maggi ya rage wa daddawa kasuwa, zogale da rama kuwa aka riƙa yi musu kallon abincin yunwa. Farin 1972 zuwa 1974 da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 sun ƙara nesanta nama da madara daga gidan talaka. Ta ɗaya ɓangaren kuma zamani ya zo da nasa alherin. Dokar sa aidin a gishiri ta 1993 ta rage maƙoƙo, wanda ya fi kama mata, sannan daga 2002 aka wajabta ƙara bitamin A a man girki da sukari da fulawa.

A fagen ado, dilka da halawa da humra da turaren wuta sun yaɗu daga Sudan da Cadi ta hanyar Borno, alaƙar da ke da tushe a tsohuwar hanyar alhazai ta ƙasa. Zanen fulawa ya maye gurbin tsohon ƙunshi a wajen biki. Amma baƙin lallen da ake kira dayis yakan ƙunshi sinadarin PPD na rinin gashi, wanda ke sa wasu mata ƙaiƙayi da ƙuraje da tabo. Mafi muni shi ne man bilicin. Wata takarda ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2011 ta kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan sauya launin fata. Da yawa daga cikin mayukan suna ɗauke da zaiba ko haidirokwinon ko sitiroyid, waɗanda ke sa fata ta yi sirara, zaiba kuma tana lalata ƙoda. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar.

Shi ma tsohon kwalli bai tsira ba. A 2012 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka sami dalma a jininsa, aka gano daga kwallin da ake sa masa ne. Da aka auna kwallin sai aka tarar kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Illar dalma ga ƙwaƙwalwar yaro ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin gubarta ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, ko da yake a can haƙar zinariya ce sanadi. Ke nan dutsen da kakanni suka daka shekaru aru-aru da kyakkyawar niyya yana iya cutar da jaririn da ake son a ƙawata.

2.7 Naɗewa

Wannan babi ya nuna abubuwa uku. Na farko, abin da ake kira gargajiya a abinci da adon Bahaushiya tari ne na aro da gwaji, daga goron Gwanja da kanwar Borno zuwa turaren Landan da darbejiyar Indiya. Na biyu, tsufan abu ko sabuntarsa ba shi ne ma'aunin amfaninsa ba. Fura da kuka da daddawa da man kaɗanya da jan lalle da hutun arba'in sun ci jarrabawar ilimin zamani, kwallin dalma da zubar da ɗakashi sun faɗi, kamar yadda bilicin da dayis suka faɗi, gishiri mai aidin kuwa ya ci. Na uku, hukuncin masana kansa yana sauyawa idan sabuwar hujja ta zo, kamar yadda ya faru tsakanin binciken Zariya na 1978 da na 2020.

Abin da bai sauya ba tun zamanin Rumfa shi ne, lafiyar mace da kyawunta suna rataye ne da abin da ke cikin rumbu da kuma ilimin masu kula da ita. Hausawa na cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Babi na gaba zai nazarci kalmomi da karin magana da kirarin da suka shafi jego, domin a ga yadda harshe ya taskace wannan tarihi.